Me Kika Ci Jiya? Littafin Aikin Bincikena a Zangon Kumasi

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Yau na karɓo takardar izinin shiga unguwa daga kwamitin da ke duba ɗa'ar bincike, shi ya sa na buɗe wannan littafi. Zan riƙa rubuta abin da aka yi da abin da ya ɓaci da abin da aka kashe, don kada in dogara da tunani kawai ranar da zan zauna rubuta kundin digirina na biyu, kuma ko wata 'yar zango da za ta biyo bayana ta samu abin dubawa.

Aikin shi ne in zauna da mata 200 masu shekara 15 zuwa 49 a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi. Tambayoyin kashi biyu ne. Na farko, me mace ta ci daga wayewar garin jiya zuwa wayewar garin yau. Abin da ta lissafo sai a rarraba shi cikin rukuni 10 da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta tsara: hatsi da su doya da rogo da agade, dangin wake, dangin gyaɗa da agushi, madara, nama da kifi, ƙwai, koren ganye mai duhu, kayan lambu da 'ya'yan itace masu bitamin A, sauran kayan lambu, sai sauran 'ya'yan itace. Abin da ake nema shi ne mata nawa suka taɓa rukuni 5 ko fiye. Kashi na biyu tambayoyi 8 ne, su ma na FAO, a kan ƙarancin abinci a gida, tun daga fargabar kada abinci ya ƙare har zuwa wuni guda ba a sa komai a baki ba.

Binciken lafiyar jama'a na ƙasar Ghana na 2022 ya nuna mata 41 cikin 100 na fama da ƙarancin jini, yara ƙanana kuwa 49 cikin 100, sannan kusan yara 18 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Amma waɗannan alƙaluma a matakin ƙasa da yanki suke tsayawa, ba sa shigowa lungun da aka haife ni. Ni kuwa tun ina yarinya nake jin mata sun dawo daga awo suna cewa an ce jininsu ya yi ƙasa. Na so a haɗa da gwajin jini, kuɗin bai kai ba. Sidi 7,000 na kuɗin Ghana ne a hannuna, rabi daga albashina na koyarwa, rabi daga yayana.

Laraba, 8 ga Janairu

Gaisuwar manya. Babana ya raka ni wurin mai unguwa da limamin masallacinmu, Mma kuma ta kai ni wurin magajiya. Goro na sidi 100. Magajiya ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "'Yata, an sha zuwa ana rubuta mu, ba a taɓa dawowa an gaya mana abin da aka gani ba." Na yi mata alkawarin zan dawo, a gabanta kuma na rubuta shi a bangon littafin nan.

Asabar, 11 ga Janairu

Wuni guda muka yi a tsakar gidanmu ni da mataimakana biyu muna mayar da tambayoyin zuwa bakin da mutane ke ji. Ɗaya tana jin Dagbanci, ɗayar Twi ɗinta ya fi nawa, dukkanmu kuma Hausar zango muka tashi da ita. Na fara kawo fassarar da na yi da Hausar littafi, ina karantawa suna girgiza kai. Gaskiyarsu. Matar da ke soya ƙosai a bakin kwata ba haka take magana ba.

Tambaya ta biyu ce ta fi ba mu wuya, wadda ke neman ko akwai lokacin da mace ta kasa samun abinci mai amfani a jiki. Da muka ce "abinci mai kyau", Mma da ke gefe tana tsince shinkafa ta ce ai wanda bai lalace ba ke nan. Da muka ce "mai gina jiki", ta ce wato nama da kaza. Muka tsaya a kan "abincin da ke ƙara lafiya da ƙarfi". Ta huɗu kuma muka mayar da ita haka: akwai ranar da lokacin cin abinci ya yi, ba ki ci ba, saboda babu? Wannan "saboda babu" dole ta fito a kowace tambaya, domin ma'aunin ba ya ƙirga wadda ta ƙi ci don rashin lafiya ko don tana rage ƙiba.

Na saka tambayoyin a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox, muka sauke a wayoyinmu uku. Sikelin kicin sidi 180. Buga takardun amincewa sidi 240.

Talata, 14 ga Janairu

Gwaji da mata 12, ba za su shiga lissafi ba. Na gode Allah da muka yi shi. Ta farko da na tambaya me ta ci jiya, sai ta ce tuwon zafi da miyar ayoyo, shi ke nan. Na ce da safe fa? Ta ce ba ta ci abinci ba. Sai da na bi ta a hankali, daga sallar asuba zuwa kai yara makaranta zuwa kasuwa, sannan koko da ƙosai suka fito, gyaɗa ta fito, burkina, wato gero da nono, da ta saya da azahar ta fito. A wurinta waɗannan ba abinci ba ne, taɓa baki ne. Abinci shi ne abin da aka ɗora tukunya aka tuƙa.

Mun sauya salo. Ba za mu ƙara cewa "me kika ci" da farko ba. Za mu bi lokutan salla: bayan asuba me ya shiga bakinki, ko ruwa ne? Tsakanin azahar da la'asar fa? Da haka hira ɗaya ta tashi daga minti 20 zuwa kusan 40, amma ba ni da zaɓi.

Litinin, 20 ga Janairu

An fara. Hira 6. Hazo ya yi yawa, muryata ta dishe tun kafin la'asar. Kowace mataimakiya sidi 60 a rana. Wadda muka yi hira da ita muna ba ta sabulun wanki guda, na sidi 6, bayan an gama.

Laraba, 22 ga Janairu

Tun kwana biyu na lura yawancin abin da mata ke lissafowa ba a gida aka dafa shi ba. Koko saye, waakye, wato shinkafa da wake, saye, har tuwon dare wasu saye suke yi, domin gawayi da kayan miya na gida guda sun fi kwano biyu na mai tuwo tsada. Matsalar ita ce ƙa'idar ma'aunin ta ce abin da bai kai giram 15 ba ba a ƙirga shi, kayan ɗanɗano ne. Mace kuwa ba za ta iya gaya maka giram nawa na wake ke cikin waakye na sidi 10 ba. Sai dai in je wurin masu dafawa.

Ƙarfe huɗu na asuba ina gidan wata Hajiya da ta shekara fiye da 20 tana wannan sana'a. Na tarar har wake ya yi laushi, ruwan ya yi ja wur da karan dafi, ta jefa kanwa, tana auna shinkafa da olonka, gwangwanin awo. Ta bar ni na auna komai kafin ya shiga tukunya. Da kanta ta ce mini da can ba haka take haɗawa ba, waken ya fi haka yawa, tsada ce ta sa ta rage, domin idan ta ƙara kuɗi 'yan makaranta ba za su iya saye ba. Da gari ya waye na sayi na sidi 10 kamar kowa, na koma gefe da faranti biyu da cokali ina tsince wake ɗaya bayan ɗaya, yara sun kewaye ni suna kallo. Waken ya haura giram 15 sosai, ya shiga lissafi. Ɗan ganyen latas da kabejin da ake yafawa a kai kuwa giram 9 na samu. Shito mai ne da barkono da ɗan garin kifi, ba ya shiga. Wanda ya ƙara ƙwai ya samu rukuni guda, amma a awa biyu da na yi a wurin yawancin mata ganda suke cewa a sa musu, ita ce mai araha. Na yanke shawarar rubuta ganda a layinta daban, ba zan cusa ta cikin nama ba sai na yi magana da malamata.

Wajen ƙarfe tara cunkoso ya yi yawa, wani yaro ya ture bencin, sikeli ya faɗi a kan siminti. Ya kunnu, amma da na ɗora ledar gishiri mai giram 500 sai ya nuna 430. Awon Hajiya ya tsira tunda kafin faɗuwar aka yi shi. Na mai koko da na shirya yi gobe sai an ɗaga.

Juma'a, 24 ga Janairu

Sabon sikeli a kasuwar Kejetia, sidi 220. Mun rufe mako da hira 36.

Talata, 28 ga Janairu

Aiki ya tsaya. Jiya da muka shiga wani sabon layi na yi mamakin yadda mata ke fitowa suna kiranmu, alhali a makon jiya mu ke roƙo. Da dare na duba abin da aka tura, sai na ga mata 11 a jere duk sun amsa "e" ga tambayoyi takwas ɗin nan gaba ɗaya, har da wadda ta lissafo mana kifi da ƙwai da madara a abincin jiyanta. Yau ma haka, guda 8. Da azahar wata ta biyo mu da katin shaidarta na ɗan ƙasa a hannu, tana cewa a rubuta ta ita ma kada a rufe. A nan na gane. Magana ta zaga cewa wata ƙungiya ce ta aiko mu rubuta sunayen waɗanda za a raba wa shinkafa da mai kafin azumi, sabulun nan kuma somin taɓi ne.

Ban ga laifin kowa ba. Mutanen da suka ga hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100 a Disambar 2022, kuma kaya ba su sauko ba tun daga lokacin, idan suka ji ƙishin-ƙishin ɗin taimako dole su matso. Kuma wasu daga cikin matan nan 19 na tabbata gaskiya suka faɗa, sai dai ba ni da hanyar rarrabewa. Kuskuren daga wurinmu yake: takardar amincewa ta faɗi ƙarara cewa babu wani tallafi, amma gajiya ta sa muka riƙa karanta ta da sauri kamar addu'ar da aka haddace. Na ware duka 19 gefe. Kwana biyu, sidi 240 na mataimaka da sabulu 19, sun tafi.

Juma'a, 31 ga Janairu

Liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a cewa aikin makaranta ne, 'yar unguwa ce ke yi, ba rabon komai. Magajiya ma ta faɗa a wurin wani suna. Daga yanzu kafin tambayar farko za mu ce wa mace ta maimaita mana da bakinta abin da ta fahimta. Sabulu kuma ya koma cikin jaka mai zif, ba a leda a hannu ba.

Talata, 4 ga Fabrairu

Mun koma jiya, mutane sun ragu, hirar ta fi nutsuwa. Yau kuma wayar mataimakiyata ta faɗa bokitin wanki a wani gida, da hira 9 a ciki da ba a tura ba, na jiya da na yau, saboda datarta ta ƙare ba ta so ta dame ni. Mai gyara ya karɓi sidi 250, waya ta tashi amma babu komai a ciki. Ta yi kuka sosai. Ba a iya sake tambayar mace abin da ta ci shekaranjiya, sai dai a koma a yi sabuwar hira. Yanzu ni ke saya musu data, kuma ba mai tafiya gida sai an tura komai a gabana.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Hira 67. Na auna koko, tuwon zafi da miyar kuka a wurin mutum uku. Madarar gwangwani da ake ɗigawa a shayi sau da yawa ba ta kai ma'auni.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Sha'aban ya kama tun kwana goma, ban yi tunanin abin da hakan zai jawo ba sai da na fara jin "jiya na yi azumi" a gida bayan gida. Mata na ramuwa kafin Ramadan. Wannan mai sauƙi ne, mun ƙara layi, wadda ta yi azumi jiya sai mu sa mata wata rana.

Amma akwai wadda na zauna da ita yau da har yanzu ban daina tunaninta ba. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, ita da 'ya'ya huɗu, mijin ya rasu, wankau take yi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta aika a sayo mini ruwan leda duk da na ce a bari. Wannan ne zuwana na biyu, domin ran Alhamis ta ce tana azumi. Yau ma ta ce jiya ta yi azumi.

Na ce, "Mma, ramuwar da yawa ke nan?"

Ta ce, "A'a, ramuwa tun Rajab na gama."

Na ce jiya ai Lahadi ce, ba Litinin ba, ba Alhamis ba. Ta yi shiru tana murza bakin zaninta. Can ta ce, "'Yata, da dare nake duba kwano. Idan na ga abin da ya rage ba zai ishe ni da yara ba, sai in kwana da niyya. Su su karya da shi, ni in sha ruwa da magariba. Gara in wuni da lada."

Na koma kan tambayoyi takwas. Akwai ranar da lokacin cin abinci ya yi ba ki ci ba saboda babu? Ta ce a'a, alhamdu lillahi. Akwai lokacin da kika ji yunwa ba ki ci ba? Ta ce mai azumi ai ba ya ƙorafin yunwa. Ba ƙarya take yi ba, ba kuma ɓoyewa take yi ba, tunda ga shi ta gaya mini komai. A wurinta ibada ta yi. Na rubuta amsoshinta yadda ta ba ni, domin ba ni da ikon sauya su, kuma na san idan kwamfuta ta tattara lissafi wannan gida zai fito cikin masu dama-dama. Mako biyu da suka wuce ina fama da waɗanda suka ƙara wa halinsu gishiri, yau ga wadda takardata ba ta iya ganinta sam. Ita ce kuma dalilin da ya sa na fara aikin.

Kafin in tashi na rufe waya, na ce mata aikin makaranta ya ƙare, yanzu 'yar unguwa ce ke magana. Na nemi izininta in ambace ta a wurin magajiya, saboda matan unguwa na da asusun da suke taimaka wa marayu da shi kafin azumi. Ta daɗe kafin ta ce to, amma kada a faɗa a taro.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Awa guda da malamar da ke duba aikina. Na je da niyyar a gyara tambaya ta huɗu a sa maganar azumi a ciki. Ta ƙi, kuma da ta yi bayani na yarda. Ƙarfin tambayoyin nan takwas shi ne iri ɗaya ake yin su a ƙasashe da dama, idan na taɓa su ba za a iya kwatanta Aboabo da ko'ina ba. Abin da za a yi shi ne a ƙara tambaya ta daban a ƙarshe: a cikin wata guda da ya wuce, kin taɓa ɗaukar azumin nafila saboda abincin gida ya gaza? Sai an rubuta wa kwamitin ɗa'a an nemi izinin ƙarin, na rubuta na miƙa yau. Ganda kuma ta ce in ci gaba da ware ta, a yi lissafi sau biyu, da ita da kuma ba ita, a nuna wa mai karatu bambancin.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Hira 104 zuwa jiya. Na zaga kasuwar Aboabo ina rubuta farashin gero, masara, wake, gyaɗa, busasshen kifi da ƙwai, zan riƙa yi duk mako biyu. Masu hatsi duk maganarsu ɗaya, farin da aka yi a arewa a tsakiyar daminar bara, wanda ya sa a watan Agusta gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken soya daga ƙasar. Mai koko ta nuna mini ludayinta na da da na yanzu. Kuɗin bai canja sosai ba, ludayin ne ya ƙanƙance.

Wani abu da ke cina: kusan kowace safiya shayi da burodi, ko koko, kuma shayi na rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin wake da ganye, lemu kuwa na ƙarawa. Lemu ga shi a tire a kowane lungu, amma da wuya in ji mace ta ambace shi, yara ake saya wa. Bakina na ƙaiƙayi in faɗa, sai dai idan na fara ba da shawara yanzu maƙwabciya za ta ji, gobe ta gaya mini abin da take zaton ina son ji. Na adana shi sai ranar taron magajiya.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Hira 141. Izinin ƙarin tambaya ya fito ran Laraba, mun fara yin ta. Mun koma wurin 12 daga cikin 19 ɗin nan, biyu sun ce tunda ba rabo ba su da lokaci.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Mun tsaya a 168. Gobe ko jibi ake duban wata, kuma abincin Ramadan ba shi ne abincin kullum ba, ga sadaka ga buɗa-baki a masallatai, don haka sauran 32 sai mako biyu bayan salla, a bar naman biki da Sitta Shawwal su wuce.

Kuɗi: mataimaka kwana 27, sidi 3,240. Sabulu 1,248. Sikeli biyu 400. Kuɗin motar haya, wato trotro, da keke mai ƙafa uku, wato pragya, kusan 600. Abincin da na saya don awo 310. Data 150. Da goro da buga takardu da gyaran waya, abin da ya rage bai kai sidi 500 ba, kuma ragowar aikin zai ci fiye da haka. Zan yi sauran hirarrakin ni kaɗai da yamma bayan na tashi daga makaranta.

A cikin azumi zan tsabtace bayanan, in mayar da awon masu abinci zuwa giram ta amfani da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma na FAO na 2019. Matan da aka yi wa hira kafin 19 ga wata ba su samu tambayar azumi ba, sun haura 120, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya, tambaya ɗaya ce, minti biyu a bakin ƙofa. Ina kuma so in zaɓi mata 15 in zauna da su doguwar hira ba waya a hannu, matar ran 10 ga wata ce ta farko idan ta yarda. Magajiya ta sa mana Asabar ta biyu bayan salla don taron mata, ta ce in zo da lemu in nuna, kada in zo da takarda. Mataimakiyata mai Dagbanci za ta tambayo mana kuɗin hayar kujeru 60.